Littafin aikin sabunta wayarin gida: yanke wuta kafin taɓa waya

4 ga Maris

Aikin da ke gabanmu kashi uku ne. Za a cire tsohon akwatin fis, irin wanda ake ɗaura wa siririyar waya da hannu idan ta ƙone, a sa akwatin bireka mai na'urar gano yoyon wuta. Za a ja sabon layi zuwa kicin. Sannan a gyara yadda janareta da inbata suke shiga wayarin gidan, domin kowanne a lokacinsa aka ɗaura shi, kuma ba mutum ɗaya ya yi su ba. Mai wayarin da na ɗauka yana da takardar shaidar sana'arsa. Ni nawa miƙa kaya, haska fitila, da rubuta abin da aka yi.

Yau ko sukuru ɗaya na wayarin bai kwance ba. Bin wutar ya yi daga inda ta shigo: wayar kamfani, babban fis ɗin kamfani mai hatimi, mita, sai wasu kauraran wayoyi biyu daga mita zuwa akwati. Ya kashe babban makunnin akwatin, gida ya yi tsit, fanka ta tsaya. Ya ɗage murfi a hankali, ya ɗora tasta, wato na'urar gwada ko akwai wuta, a bakin makunnin ta inda wuta ke shigowa. Fitilun tastar suka kama har bolt 230. Ya juyo ya ce, "Maigida, ka gani? Gidanka ya mutu, amma akwatinka da ransa."

Makunni abin da ke bayansa kawai yake yankewa. Wayoyin da suka kawo masa wutar suna nan daram, kuma su ne za a kwance ranar sauya akwati. Tsakanin mitarmu da akwatin babu wani makunni ko ɗaya. Wato hanyar kashe waɗannan wayoyi biyu ita ce a zare fis ɗin kamfani.

Na ce, "Malam, kai ba za ka iya zarewa ba?" Ya ce zarewar ba ta da wuya, amma ba zai yi ba. Fis ɗin da mitar kayan kamfani ne, shi ya sa suka buga hatimi, kuma karya hatimin laifi ne. Abin da ya fi damunsa ba wannan ba ne. Kafin wannan fis babu wata kariya sai wadda ke can wajen taransifoma, ita kuwa an yi ta ne don ɗaukar wutar gidaje da yawa. Idan mariƙin fis ɗin ya tsufa ya dare a hannu, ko ƙarfe ya haɗa baki biyu, wutar da za ta bi wurin ta kai dubban amfiya. Tagulla tana narkewa a zafin 1,085 a ma'aunin Salshiyos, walƙiyar da irin wannan haɗuwa ke yi kuwa ta wuce haka nesa ba kusa ba, kuma fuskar mai aiki take fara samu.

Mun tsayar da shawara: za mu nemi kamfani su zo su zare, a wannan ɗan lokacin a ɗaura aisoleta, wato makunnin yanke wutar gida gaba ɗaya, mai baki biyu, mai ɗaukar amfiya 100, tsakanin mita da akwati. Daga ranar ba sai an sake jiran kowa ba duk lokacin da za a taɓa akwati.

6 ga Maris

Na kai takardar neman zare fis. Sun ba ni 20 ga wata.

8 ga Maris

Ranar gano layuka. Ya kashe babban makunni, ya zare fis ɗaya, ya mayar da wuta, ni kuma in zaga da ƙaramar fitilar da ake cusawa a soket in ga inda ya mutu. Haka muka yi har fis ɗin suka ƙare. Rubutun da ke jikin murfin akwatin bai dace da gaskiya ba a wurare biyu. Wanda aka rubuta wa "fitilun sama" yana ɗauke da soket ɗin baranda. Wanda aka rubuta wa "kicin" har da injin tura ruwa a kansa. Da mutum ya dogara da rubutun ya zare na soket ya je ya buɗe na baranda, da waya mai wuta zai kama.

Launin wayoyin ma ya cakuɗe. Tsohon ɓangaren gidan ja da baƙi ne, ɗakin da aka ƙara daga baya ruwan ƙasa da shuɗi. A tsohon tsarin baƙi shi ne nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a sabon tsari shuɗi ne nutiral, baƙi kuma yana cikin wayoyi masu wuta a layi mai fas uku. A bayan makunnan fitila kuwa wayar da launinta ke cewa nutiral sau da yawa ita ce ke mayar da wuta zuwa kwan fitila. Ya ce shi launi yana gaya masa abin da wanda ya yi aikin ya yi niyya ne kawai, tasta ce ke gaya masa abin da ke cikin wayar.

11 ga Maris

Sayayya. Na saya wa gidan nasa kayan kariya, domin aikin zai ƙare amma akwatin yana nan: tasta mai baki biyu, ɗan akwatin gwada tasta mai batir, abin kulle bireka guda uku, kwaɗo uku kowanne da mabuɗi ɗaya tak, katin gargaɗi na ratayawa, da sukundireba masu rufi da aka buga wa bolt 1,000 a jiki. Tastar da akwatin gwajinta su suka cinye fiye da rabin abin da na kashe yau, ban kuwa ji zafin kuɗin ba.

Ina da 'yar tastar nan mai kama da sukundireba, wadda ake dafa mata yatsa a ƙeya ta yi ja. Kusan kowane gida akwai ta. Ya ce in ajiye ta don ɗaure sukuru. Ita tana aiki ne ta hanyar bin jikin mutum da ɗan ƙaramin kaso na wutar zuwa ƙasa. Idan kana kan busasshen tsanin katako, ko takalminka mai kaurin roba ne, ko rana tana haska wurin, sai ka ga ba ta kama ba alhali wayar cike take da wuta. Idan ruwa ya shige ta kuma, wutar gaba ɗaya za ta iya biyo ta zuwa yatsa. Mai kama da biro da ke ƙara idan an kusantar da ita tana da amfani wajen nuna cewa akwai wuta, amma shirunta ba shaida ba ne. Ita kuma mitar hannu ta awon wuta mai juyi, idan aka manta ta a kan awon amfiya aka ɗora a layi, kai da kanka ka haɗa wuta da nutiral. Tasta mai baki biyu ba ta da wani juyi da za a ɓata, aikinta ɗaya.

13 ga Maris

An auna tsawon wayar kicin, an zaɓi inda aisoleta za ta zauna. Ba a taɓa wuta ba.

15 ga Maris

Yau aka fara aikin hannu, sauya tsofaffin soket na falo, kuma yau muka ci karo da matsala ta farko mai girma.

Tsarin da yake bi ba ya sauyawa, na rubuta shi kamar yadda na gani. Ya sanar da mutanen gida za a ɗauke wuta. Ya kashe babban makunni, ya sa abin kulle da kwaɗo, mabuɗin ya shiga aljihunsa, ya rataya kati. Ya gwada tastar a akwatin gwaji, fitilunta suka kama duka. Sannan ya je wurin aikin ya auna sau uku: waya mai wuta da nutiral, waya mai wuta da wayar ƙasa (wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa), nutiral da wayar ƙasa. Idan zai auna da wayar ƙasa, ita yake fara ɗora wa baki, ya kawo ɗayan kan mai wuta daga baya, wajen ɗagawa kuma na kan mai wuta yake fara cirewa. Bayan awo ya sake gwada tastar a akwatin gwaji, domin tastar da ta lalace tsakanin gwajin farko da awo ita ma shiru za ta yi, kamar dai wayar da ta mutu.

Soket na farko da na biyu shiru. A na uku, wanda ke bayan talabijin, tastar ta kama 230. Babban makunni a kashe, kwaɗo a jiki, mabuɗi a aljihu.

Ya ja da baya ya ce kada in taɓa komai. Muka bi wayar ta cikin silin, sai ga ta ba daga akwati ta fito ba. Wanda ya ɗaura inbata ya ja waya kai tsaye daga bakin fitarta zuwa wannan soket da fitilu biyu, bai bi ta kowane bireka ba, bai kuma rubuta a ko'ina ba. Ranar 8 da muka zaga na ga wannan soket yana kawowa duk fis ɗin da aka zare, muka sa masa alamar tambaya da niyyar komawa kansa. Ga amsar. Aikin inbata kenan: da wutar kamfani ta ɗauke, cikin ƙiftawar ido ta karɓa. Kashe babban makunni a wurinta daidai yake da ɗaukewar wuta, don haka mu da kanmu muka tashe ta.

Gidan nan mashigar wuta uku gare shi, kamfani, janareta, inbata. Ita inbatar ma baki biyu take ci, batir da faifan sola. Ya ɗauko littafinta ya bi jerin kashewar da masu ƙera ta suka rubuta: a kashe abin da take ba wuta, a kashe wutar da ke shigar mata, a kashe makunnin sola, a ƙarshe na batir. A jikinta an rubuta a jira minti 5 kafin a buɗe, saboda kafasitocin da ke ciki suna riƙe caji bayan an kashe. Mun jira, sannan ya auna.

Faifan sola ba su da makunnin da ke hana su yin wuta. Muddin haske na dukansu, wayoyin da suka sauko daga rufi zuwa makunnin suna da wuta, kuma idan an jera faifan a layi ɗaya tana kai ɗaruruwan bolt. Wutar tasu mai tafiya gefe ɗaya ce, ba ta komawa sifiri sau 100 a daƙiƙa kamar ta gida mai zagaye 50, shi ya sa idan tartsatsinta ya kama ba ya saurin mutuwa. Ya hana ni ko da wasa in zare mahaɗin wayar sola tana cikin aiki. Wajen batir kuma sai da ya cire agogo da zobe. Bolt 48 ne kawai, amma sifana ɗaya ta haɗa kawunan biyu sai ta yi ja.

Soket uku kawai aka sauya. Sauran yinin ya tafi a bin waya.

18 ga Maris

Tunda inbata ta nuna mana haka, muka duba janareta. Canjobar da ke kai, wato makunnin sauya wuta tsakanin kamfani da janareta, waya mai wuta kaɗai take sauyawa, nutiral ɗin janareta da na kamfani a ɗaure suke wuri ɗaya. Kuma hannunta ya yi lako-lako, bakinta ɗaya ya yi baƙi. A cikin kwalin kaya kuma ya tsinci wata waya mai fulogi a kai biyu, irin wadda ake cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango. A gabana ya yanke ta gida biyu. Da an cusa kai ɗaya, haƙoran ɗaya kan suna da wuta a fili. Kuma idan aka manta ba a kashe babban makunni ba, wutar janareta za ta fita ta mita ta hau layin kamfani. Taransifoma ba ruwanta da gefen da wuta ta shigo, za ta ɗaga ta zuwa dubban bolt a ɗaya gefen, inda wataƙila ma'aikaci yana kan falwaya ya yanke nasa ɓangaren ya tabbatar ya mutu. Wannan magana ta tsaya min a rai. Mutumin da bai san da gidana ba zai iya rasa ransa saboda waya ɗaya da ke cikin kwalina.

Na yi odar sabuwar canjoba mai baki biyu, mai matsayi uku: kamfani, kashe a tsakiya, janareta. Ba ta cikin lissafin farko.

20 ga Maris

Kamfani ba su zo ba. Mun kashe firji tun safe, an kwashe kaya daga gaban mita, mai wayarin ya ajiye wani aikin ya zo. Sai da yamma aka kira aka ce an ɗaga zuwa 27. Kuɗin yininsa na biya, domin ba laifinsa ba ne.

Wani abokina da ya leƙo ya ce mene ne abin jira, a tsinke hatimin a zare, kowa ma haka yake yi. Na ce masa na ga mariƙin fis ɗin da idona, gefensa ɗaya ya tsage. Mako ɗaya ba zai kashe ni ba.

22 ga Maris

Don kada a zauna haka, muka koma kan fitilun sama. Tunda layi ɗaya ne, ya zare fis ɗinsa ya sa a aljihu, ya rufe gurbin, ya mayar da wutar sauran gida. Inbata a kashe da kwaɗonta. A mahaɗar da ke cikin silin ya yi awo uku, duka shiru. Ya kwance sukurun da ya haɗa nutiral guda uku, ya raba su da filaya mai rufi, sai ya sake ɗauko tasta. Na ce ai ya riga ya auna. Ya ce abin da ya auna ɗazu mahaɗa ɗaya ce, yanzu wayoyi uku ne daban-daban.

Biyu shiru. Ta ukun ta kama 230.

Fitilar matakala ce, a kunne take a lokacin. Wanda ya yi wayarin ya ɗauko mata wuta daga layin ɗakunan ƙasa, ya ari nutiral daga layin sama don ya fi kusa. Muddin nutiral ɗin na ɗaure da 'yan uwansa, wutar tana wucewa ta koma, tasta ba za ta ga komai ba. Da aka raba shi, wutar da ta ratso ta kwan fitilar ta rasa hanyar komawa, ta tsaya a bakin wayar tana jiran abin da zai kai ta ƙasa. Da fitilar a kashe take ma, da awo na biyun zai yi shiru, sai yaro ya zo ya danna makunni hannun mai aiki na kan waya. Gani ya kori ji: na sha jin ana cewa nutiral ba ya ja, yau na ga fitilun tasta a kansa.

Daga yau ya ce a gidan nan ba zai sake aiki da yanke layi ɗaya ba sai an gama raba komai, gida gaba ɗaya za a riƙa kashewa. An ja wa fitilar matakala nata nutiral daga layin ƙasa. Ko ba don haɗarin ba dole a gyara, domin sabon akwatin ba zai zauna da aron nutiral tsakanin ɓangarori biyu ba, yana gani zai faɗi.

24 zuwa 26 ga Maris

Sauran soket, da ɗaura sabuwar canjoba. Kullum tsarin nan: kashe mashiga uku, kwaɗo, kati, gwada tasta, awo, sake gwada tasta. Babu abin da ya faru.

27 ga Maris

Sun zo su biyu. Babban cikinsu ya fara tambaya ko akwai janareta ko sola, muka nuna masa kwaɗunan. Ya sa aka kashe babban makunnin gida tukuna, don kada a zare fis yana ɗauke da kaya. Ya sa safar hannu ta roba da gilashin kare fuska, ya yanke hatimi, ya kama mariƙin ya zare da ja ɗaya. Mariƙin ya rabu biyu a hannunsa daidai inda na ga tsagar. Bai ce komai ba, ya ɗauko sabo daga jakarsa. Ya rufe bakin da ya rage da wuta da murfin roba, domin gefen da wayar kamfani ta shigo yana nan da ransa ko bayan an zare fis.

Mai wayarinmu bai ɗauki zarewar a matsayin shaida ba, ya yi awonsa a wayoyin da suka fito daga mita, sannan ya kwance. An sa sababbi masu kaurin milimita 25 murabba'i, daga mita zuwa aisoleta, daga aisoleta zuwa akwati. Aisoletar tana yanke waya mai wuta da nutiral tare, kuma hannunta yana da hudar kwaɗo. Da aka mayar da fis, kafin a kunna komai, ya tabbatar ba a juya wayoyin ba. Idan aka juya su, duk birekokin gida za su koma kan nutiral, ka kashe bireka fitila ta mutu amma wutar na nan a cikinta. Suka buga sabon hatimi suka tafi. Aikin bai kai awa ɗaya ba.

29 ga Maris

Sauya akwati. Aisoleta a kashe da kwaɗo, canjoba a tsakiya, janareta an zare masa waya, inbata a kashe ta kowane gefe. A karon farko ba tare da kamfani sun zare fis ba, bakin shigar akwatin ya yi shiru a tasta.

Wajen azahar ina riƙe da fitila, shi kuma hannunsa biyu na cikin akwati yana jera wayoyi, sai muka ji motsi a wajen mita. Ƙanena ne ya shigo daga tafiya, bai san ana aiki ba, ya tarar da gida ba wuta alhali maƙwabta suna da ita. Ya wuce kai tsaye ya kama hannun aisoleta zai ɗaga, kwaɗo ya hana. Ya ɗaga murya, "Yaya, wa ya kulle wutar nan? Firji fa ya fara zubar da ruwa." Katin yana rataye a gabansa, bai ko kalle shi ba. Ba da mugun nufi ya yi ba, taimako ya zo yi. Mai wayarin ya taɓa aljihunsa inda mabuɗin yake, ya ci gaba da aikinsa. Sanarwar da aka yi da safe ta isa ga waɗanda ke gida ne kawai, kati kuma sai mai karantawa. Salatif da wasu ke mannawa a kan makunni da yatsa ɗaya ake ɓare shi.

An gama jera birekoki da yamma. Kowane sukuru ya ɗaure shi da sukundireba mai awon ƙarfi, gwargwadon adadin da aka rubuta a jikin birekar, domin sako-sakon ɗauri shi ke zafi ya kawo gobara. Mun kwana ba wuta, tunda ba a yi awon rufin waya ba.

30 ga Maris

Awon rufin waya. Na'urar tana tura bolt 500 cikin layin da aka kashe ta auna ko roba na yoyo. An zare duk kayan da ke soket, an cire kwan fitila masu lantarki a ciki, don kada awon ya ƙona su. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa mega-om 1 ne, sabuwar waya kuwa ɗaruruwa take nunawa. Layuka duka sun wuce sai na fitilar waje, wanda bai kai rabin 1 ba. Mahaɗar da ke jikin katanga ta sha ruwa, cikinta ya yi kore. An sauya ta da mai hana ruwa, awo ya haura. Bayan kowane awo yana barin na'urar ta sauke cajin da ta zuba kafin ya taɓa wayar.

Sannan aka kunna, layi ɗaya bayan ɗaya. Na'urorin gano yoyo, waɗanda masu sana'ar ke kira RCD, na miliamfiya 30 ne. Suna kwatanta wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutiral, idan aka samu giɓi su yanke. Ƙa'ida ita ce su faɗi cikin milisakan 300 a miliamfiya 30, cikin milisakan 40 kuma idan yoyon ya ninka sau 5. Namu biyun sun faɗi ƙasa da haka sosai. Dalilin wannan adadi jikin mutum ne: wajen miliamfiya 1 ake fara jin wuta, wajen 10 hannu kan ƙanƙame ya kasa saki, abin da ya haura 30 idan ya ɗan jima yana iya rikita bugun zuciya. Birekar soket mai amfiya 32 ta ninka wannan fiye da sau 1,000, ita waya take karewa daga zafi.

Na ce to yanzu ai an huta. Ya ce a'a, kada in ɗauka haka. Idan mutum ya kama waya mai wuta da hannu ɗaya, nutiral da ɗayan, na'urar za ta ɗauka fitila ce aka kunna, abin da ya fita ya dawo daidai. Kuma ba ta kare abin da ke gabanta, wato wayoyin mita da bakin aisoleta. Ba ta maye gurbin kwaɗo da tasta.

2 ga Afrilu

RCD ta ɓangaren wanka tana faɗuwa duk safiya. Mun bi kaya ɗaya-ɗaya, hitar ruwa ce. Ƙarfen ɗumamawarta ya tsage yana yoyo zuwa jikin tanki. Tsohon akwatin ba zai taɓa nuna wannan ba, wayar ƙasa ce ke ta shanye yoyon ba wanda ya sani. An ba ni shawarar a ɗauke hitar daga ƙarƙashin RCD a huta da faɗuwa. Ban karɓa ba, a banɗaki ne mutum yake tsaye a jiƙe ba takalmi. An sauya ƙarfen, an sa mata makunni mai baki biyu a wajen ƙofa. Wani kuɗin da ba ya cikin lissafi.

5 ga Afrilu

Wayar ƙasa. Mahaɗin da ke kan sandar da aka kafa a ƙasa ya yi tsatsa, an sauya shi, an auna. Wannan ma sai da aka kashe gida gaba ɗaya kafin a kwance, domin idan wani abu na yoyo, wayar ƙasar da aka cire daga sanda ita kanta takan ɗauki wuta, tare da jikin duk wani kayan ƙarfe da ke haɗe da ita. An mayar da soket ɗin bayan talabijin da fitilun nan biyu ƙarƙashin ƙaramin akwatin bireka na inbata.

8 ga Afrilu

Rubutu da lissafi. Kowace bireka an rubuta mata abin da ke kanta bisa abin da muka gwada. A jikin akwati, da wajen mita, da wajen inbata an manna gargaɗi cewa gidan yana da mashigar wuta uku, da jerin yadda ake kashe su. Na tara mutanen gida na nuna wa kowa aisoleta, na ce idan wuta ta kama wani kada a taɓa shi, nan za a fara rugowa, sannan a kashe inbata. Uwargida ta gwada ɗaga hannun da saukewa da kanta. Maɓallin gwajin RCD za a riƙa dannawa duk wata 6, na rubuta watannin a cikin murfin.

Kuɗi ya haura abin da na ware da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Canjoba, ƙaramin akwatin inbata, ƙarfen hita da yinin da aka yi asara su suka jawo. Aisoletar kanta tana cikin mafi arha a duk abin da aka saya.

Saura layin kicin: waya mai kaurin milimita 6 murabba'i a kan bireka mai amfiya 32, da makunni mai baki biyu kusa da kuka amma ba a samanta ba. Za a fasa bango, kuma ba mu san inda tsofaffin wayoyi suka bi ba, don haka zai zo da na'urar gano waya a bango, ranar fasawa kuma gida gaba ɗaya za a kashe, injin yankan ya yi aiki da batir. Bayan nan na'urar sanyaya ɗaki, wadda ya ce kafasitarta sai an sauke mata caji an auna kafin a sa hannu. Zan ƙaro kwaɗo ɗaya da abin kulle mai huda da yawa, domin magini zai shigo aikin, kuma kowannensu zai rataya nasa kwaɗon a aisoleta. Za a fara ranar 12.